Katin girafik ɗin da muka zaɓa wa injin editin bayan ya koma Linux

Ƙanina ɗan kawuna yana da ɗan shagon bidiyo a Kano, aikin biki da suna da walimar sauka, da azumi kuma shi ke haska tafsirin masallacin unguwarsu kai tsaye a Facebook. Kwamfutar da yake aiki da ita ta tebur ce, haɗi ce ta tokumbo, firosesa i7-7700, ram 16GB, babu kati daban, Intel HD 630 ɗin da ke cikin firosesan shi ke ɗauke da komai. Da Microsoft ta tsayar da tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ga shi kuma firosesan nasa baya cikin waɗanda Windows 11 ta amince dasu tunda kusan duka jerin daga zubi na 8 ya fara nasa kuma na 7 ne, sai ya gwammace ya koma Linux Mint da ya yar da injin da lafiyarsa ƙalau. Editin ya koma Kdenlive, haskawa dama da OBS yake yi kuma akwai shi a Linux, tambarin shago da rubutun nan mai juyawa da ake sawa a farkon bidiyon biki kuma a Blender yake haɗa su. Ya tara ɗan kuɗi yana son kati, tambayarsa ɗaya ce, "Yaya wanne zan saya wanda bazai bani ciwon kai a Linux ba?"

Kafin a zo maganar sunan kati sai da muka tsaya a kan aikin tukuna, saboda mutane da yawa suna ɗauka da an cusa kati editin zai tashi sama, to a Kdenlive ba haka abin yake ba, yawancin abinda ake yi lokacin yanka da jerawa firosesa ne ke yinsa. In bidiyon 4K na wayoyin 'yan biki yana maƙalewa maganinsa a kunna furoksi, manhajar ta yi maka ƙaramin kwafi mara nauyi kayi aikinka dashi, sai wajen fitarwa ta koma kan na asali. Kuma HD 630 ɗin nan da ake rainawa yana da injin matse bidiyo a cikinsa, H.264 da HEVC duka, direbansa na Linux kuma, wato manhajar da ke tuƙa shi, Intel ce da kanta take rubuta shi a buɗe, kowa na iya ganin lambar. Inda yake durƙushewa wajen Blender ne, da OBS idan aka haɗa kyamara biyu da rubutu da tambari ga sikirin biyu a jone, sai gem ɗin da yake bugawa da daddare bayan an rufe shago. Don waɗannan za a sayi katin, kuma sanin hakan kaɗai ya rage kuɗin da ya yi niyyar kashewa.

Duk shagon da ya leƙa magana ɗaya suke gaya masa, ka ɗauki GTX 1060 mai 6GB ko in kana da hali GTX 1070. Kuma wallahi ba cutarsa suke so ba, katuna ne masu ƙwari, sun yi suna tun 2016, a Windows ɗin da kowa ya sani aiki suke ba wasa. Matsalar dai masu shagon basu taɓa tambayar wa ke kula da direban katin ba, tunda a duniyarsu tambayar bata taso ba. A Linux kuwa ita ce gaba da komai.

Ga yadda abin yake. Katin AMD da na Intel direbansu a cikin kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, yake zaune, na AMD sunansa amdgpu ya shiga tun 2015, ɗaya rabin kuma mai kula da zane da gem yana cikin Mesa, wadda kowane Linux ke zuwa da ita. Ma'ana ranar da ka saka Mint ka riga ka saka direba, duk abdet ɗin da ya zo tare suke tafiya. NVIDIA ita nata direban daban take bayarwa, ana ɗora shi ne a kan kanel daga waje, duk sanda kanel ya canza sai an sake haɗa masa ɓangaren da zai dace, in kuma Secure Boot a kunne yake sai ka yi rajistar makulli a wani shuɗin sikirin da ke fitowa lokacin tashi, wanda da yawa suke tsallakewa don basu san menene ba, sai kati ya ƙi aiki suce Linux ce bata da kyau. Gaskiya dai a Mint an sauƙaƙa wannan sosai, akwai Driver Manager, dannawa kawai zakayi ka sake kunnawa, kuma tunda Cinnamon, fuskar Mint, har yanzu a kan tsohon tsarin nuna hoto na X11 take tashi, rigimar da aka daɗe anayi tsakanin NVIDIA da sabon tsarin wato Wayland bata ma shafe shi ba. Da wahalar sakawa ce kawai da ban hana shi ba.

Abinda yasa na tsaya kai da fata shine shekarun katin. NVIDIA tana yiwa direbanta reshe-reshe, in kati ya tsufa sai a bar shi a wani reshe a wuce. Katunan Kepler, yawancin GTX 600 da 700 kenan, an barsu a reshe na 470 kuma tallafinsa ya ƙare a 2024. A 2025 kamfanin ya sanar cewa reshe na 580 shine na ƙarshe ga Maxwell da Pascal da Volta, wato GTX 900 da GTX 10 gaba ɗaya har da 1060 da 1070 ɗin da ake tallata masa. Za a ci gaba da toshe ɓarakar tsaro na wasu shekaru, amma tunda direban a rufe yake babu wani a waje da zai iya ɗauka ya ci gaba dashi, kanel kuma baya jiran kowa, tafiya yake. Zaka ce to ai akwai nouveau, direban buɗe da masu sa kai suka rubuta wa katunan NVIDIA. Akwai, amma a kan GTX 900 da GTX 10 baya iya ɗaga gudun katin, saboda wannan ɓangaren sai da famwaya mai sa hannun kamfani kuma ba a basu ba, sai katin ya tsaya a gudun da ya tashi dashi mafi ƙasa, zai nuna maka hoto amma ƙarfin da ka biya kuɗi dominsa bazaka ganshi ba. Kamar ka sayi mota mai lafiya ne wadda aka daina kawo sifiya ɗinta kuma aka hana makanikai buɗe injin.

Wannan abin mu yafi shafa, kuma shi yasa nake jin zafinsa. Wanda ke sayen sabon kati a Turai ko Amurka kafin direba ya ƙare ya daɗe da canzawa. Mu kuwa katin yana iso mana ne yana da shekara shida, bakwai, tara, daidai lokacin da kamfani ke shirin juya masa baya, kuma mutum zai so ya ƙara more shi wasu shekaru biyar. A ɗaya ɓangaren katunan Radeon HD 7000 na 2012 har yau kanel na tuƙa su ana kuma gyara musu kurakurai, don lambar a buɗe take duk mai iyawa zai taɓa. Direban Vulkan na AMD, wanda gem ke zane ta kansa, da ake kira RADV ma ba AMD ce ta fara shi ba, Dave Airlie da Bas Nieuwenhuizen ne a 2016, daga baya kamfanin gem na Valve ya zuba masa ma'aikata saboda na'urar gem ɗinsa ta hannu, Steam Deck, da ta fito a 2022 da cif ɗin AMD take aiki a kan Linux, duk gyaran da akayi don ita kuma mai RX a gida yana samu kyauta.

Ba wai NVIDIA na nan inda take a 2012 bane, shekarar da Linus Torvalds ya tsaya a jami'ar Aalto ta Finlan ya ce a duk kamfanonin da suka yi hulɗa dasu ita tafi basu wahala. A Mayun 2022 ta buɗe ɓangaren direbanta na kanel, amma daga zubin Turing zuwa sama, wato GTX 16 da RTX 20 da na bayansu, kuma a kan waɗannan ɗin nouveau yana iya ɗaga gudu, ga NVK sabon direban Vulkan na buɗe da ya shiga Mesa. Don haka na ce masa in dai NVIDIA ce to daga GTX 1650 ko 1660 Super za a fara magana, ƙasa da haka a manta. Kuma akwai mutanen da NVIDIA ce dolensu ko a Linux, mai aiki da CUDA wato fasahar lissafi ta NVIDIA, mai horar da AI, mai rendarin Blender mai nauyi da OptiX wadda ita ma ta NVIDIA ce, mai manhajar editin ta DaVinci Resolve. Shi ma ya taɓa sha'awar Resolve ɗin don abokan sana'arsa ita suke yabo, sai na nuna masa cewa ta kyauta a Linux bata buɗe H.264 da H.265, sautin AAC kuma ko ta kuɗin bata karantawa a Linux, kuma duk abinda ke fitowa daga kyamararsa da wayoyin mutane irin wannan ne, sai ya zauna juya kowane fayil kafin ya fara aiki. Nan maganar ta mutu.

Katin Intel Arc bamu daɗe a kansa ba duk da ina son shi, yana matse bidiyo da sabon tsarin AV1 kuma direbansa a buɗe yake. Yana buƙatar wani saitin madabod da ake kira Resizable BAR kafin ya bada ƙarfinsa, Intel kuma daga firosesa zubi na 10 take lissafawa, madabod ɗin ƙanina bashi da wannan. B580 da ya fito a Disambar 2024 kuma sai da kanel 6.12 ko sama, Mint 22 kuwa da 6.8 ta fito. Wannan ɗin ya shafi sabbin katunan AMD ma, tunda direban a cikin kanel yake, katin da ya fito jiya baya son Linux ɗin bara. Katin da ya shekara biyu uku shi ke shiga ba gardama.

Saura AMD, kuma a kasuwar tokumbo biyu ne a gabanmu, RX 580 mai 8GB na 2017 da RX 6600 mai 8GB na 2021. Akwai RX 6400 da 6500 XT masu araha da suke jan ido musamman 6400 da baya buƙatar wayar wuta daban, amma waɗannan biyun an cire musu injin matse bidiyo gaba ɗaya, ga mai haskawa kai tsaye babu amfaninsu, na ce ko kallonsu kar yayi. RX 580 yafi arha nesa ba kusa ba, kuma a Linux lafiya lau yake aiki. Abinda ya kayar dashi wuta ce. Yana cin wat 185 in ya ɗau aiki, RX 6600 kuma 132 ga shi ya fi shi ƙarfi sosai. Bambancin wat 53 a takarda ba komai bane, amma shagon da rabin aikinsa a kan inbata yake sai ka lissafa, in kati na aiki tuƙuru na awa shida ya kai wat-awa 318, batirin tubula mai 200Ah kuma abinda zaka iya ja daga cikinsa ba tare da ka kashe shi da wuri ba bai wuce wat-awa 1200 ba, kaga kwata ɗin batir guda ya tafi a bambancin kawai. Ba kullum kati ke kaiwa ƙololuwa ba, amma ranar da ake rendarin ko haskawa ita ce ranar da ba a son wuta ta yanke. Kuma duk wat ɗin da kati ya ci zafi yake komawa a cikin akwati, a shagon da babu AC, a Kano, a watan Afrilu. Sannan Blender tun 3.0 ya cire OpenCL, hanyar da injin rendarinsa na Cycles ke amfani da katin AMD, hanyar da ta maye gurbinsa a AMD wato HIP bata ɗaukar zubin Polaris da RX 580 ke ciki.

Duk da haka shi zuciyarsa na kan 580 ɗin saboda farashi, sai muka ce a gwada duka a gani. Muka tafi da filash mai Mint a ciki, wanda ake tashin kwamfuta dashi ba sai an saka komai a hard disk ba, muka roƙi mai shagon ya jona katin a injin gwajinsa. Wannan filash ɗin shine abinda nafi so kowa ya ɗauka daga labarin nan. Kwalin ya ce RX 580, sitikar jikin fankar ta ce RX 580, muka buɗe taminal muka rubuta lspci, layin da ya fito ya ce Polaris 20 XL, Radeon RX 580 2048SP. Wannan wani samfuri ne da akayi don kasuwar Sin, ƙwayoyin aikinsa 2048 maimakon 2304 na ainihin 580, a zahiri ajin RX 570 ne da sunan babban wansa. Mai shagon ya leƙo ya ce "Alhaji ni ma haka aka kawo min su", kuma na yarda dashi, tun da aka daina haƙar kuɗin kirifto na Ethereum da kati a Satumbar 2022 katunan Polaris suka malalo kasuwa, da yawa an wanke an canza musu murfi an sake musu BIOS, sun bi hannu da yawa kafin su iso nan. Da muka ɗan matsa masa da aiki, sensors ya nuna zafi na hawa da sauri fanka ɗaya kuma tana ƙara kamar an sa mata yashi. Muka ajiye.

RX 6600 a wani shagon muka samu. Gwaji iri ɗaya, lspci -k ya nuna Navi 23 kuma direban da ke riƙe dashi amdgpu, glxinfo -B ya kawo sunan katin da 8GB ɗinsa. Wajen nan a kula, in kaga an rubuta llvmpipe a wajen sunan to firosesa ne ke zanen, katin zaune yake ba abinda yake yi ko da hoto na fita. Muka jona intanet ta waya muka sauke vainfo, ya jero H.264 da HEVC da alamar EncSlice a gefensu, shaidar cewa matsewa na aiki. Muka barshi yana juya abu mai nauyi har muka gama ciniki, babu layi-layi a sikirin babu ɗaukewa, fankokin suka tsaya cik da aka sauke aikin, wanda haka aka ƙera shi ba lalacewa bace.

Sai kuɗin da bai shirya masa ba, fawa saflai. Wanda ke cikin akwatinsa irin mara sunan nan ne mara nauyi a hannu, bashi da wayar fin 8 da katin ke so. Aka miƙo masa 'yar wayar da ke juya SATA zuwa fin 8, na ce a'a sam. Bakin SATA wat 54 aka tsara masa a layin bolt 12, fin 8 kuma har 150 ake ja ta cikinsa, irin wannan haɗin ne ke narkewa ya ƙona kati ko ma shagon. AMD ta ce a nemi mai wat 450 ga wannan katin, muka ɗauki mai 550 na kamfanin da aka sani. Ya ji kuɗin a jikinsa, amma duk wanda zai sayi kati ya sa fawa a lissafi tun daga gida.

A shago aka kashe inji aka soka kati aka mayar da wayar sikirin bayansa aka kunna, Mint ta tashi, ba a sauke komai ba. Katin na PCIe 4.0 ne mai layi takwas madabod kuma 3.0, ana rasa ɗan abu kaɗan a gudu amma ba wanda ido zai gani a aikinsa ba.

Akwai rauni guda da aka san katunan AMD na wannan zubin dashi, matsewar H.264 ɗinsu in bitret, wato yawan datar da bidiyo ke ci a daƙiƙa, yayi ƙasa bata kai ta NVIDIA tsabta ba, kuma mai haskawa da datar waya dole bitret ɗinsa ƙasa yake. Anan HD 630 ya dawo da amfani. Muka shiga BIOS muka bar girafik ɗin cikin firosesa a kunne tare da katin, sai Linux ta ga na'ura biyu, renderD128 da renderD129, a cikin OBS wajen VAAPI, wato hanyar matse bidiyo da kati a Linux, kuma ana zaɓar wacce za ta matse. Katin AMD ya ɗauki haɗa kyamarori da rubutu da sikirin biyu, Intel ya ɗauki matsewa, firosesa ya samu sarari. A Kdenlive kuma in aikin gaggawa ne yana fitarwa da VAAPI ya ɗaga bitret, in na amarya ne da za a ajiye shekaru yana barin x264, mai matsewa da firosesa, ya yi a hankali cikin dare. 

Gem ta Steam da Proton, mai tashin gem ɗin Windows a Linux, yawancinsu sun tashi, banda masu tsaron maguɗin da basu yarda da Linux ba irin su Valorant da Fortnite, wannan kuma ko wane kati ka saka haka ne. Wanda ke da talabijin 4K mai 120Hz shima ya sani direban buɗe na AMD ya daɗe ba tare da cikakken HDMI 2.1 ba saboda HDMI Forum ta ƙi amincewa a 2024, DisplayPort ne mafita, shi dai sikirin ɗinsa 1080p ne duka biyun.

Blender ne ya rage rabi da rabi. Eevee, injin rendarinsa mai sauri wanda dashi yake yawancin tambarinsa, yana gudu sumul a kan Mesa. Cycles kuwa sai an saka kayan HIP daga ROCm, kunshin manhajar lissafi ta AMD, daban, kuma RX 6600 baya cikin jerin katunan da AMD ta lissafa wa ROCm a Linux a hukumance, mutane suna sa shi yayi aiki amma da 'yan dabaru, shi kuma bai ga dalilin taɓa injin da yake cin abinci dashi ba don haka Cycles a firosesa yake barinsa. Na gaya masa in wata rana aikin 3D ya zama shine sana'ar, lissafin zai juya, RTX 3060 mai 12GB zamu nema, mai cin wat 170, kuma fawar da ya saya zata ɗauke shi.